Ba Su Zagaya Rugar Ba, Yaya

Assalamu alaikum Yaya Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi, ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da zan ba wa, babu tashar da za a ajiye maka ita. Amma tun ina yaro, in abu ya sha mini kai, wurinka nake zuwa in zauna in yi ta zuba, kana tufkar igiyar shanu kana cewa uhm, har in gaji in hango amsar da kaina. Yau ma haka zan yi.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Kowa yana nan lafiya. Riɗin da ka shuka a gonar bayan gari ya yi kyau, mun yanke, mun kakkaɓe, mai ɗakinka Yaya Hajara ta ware iri daga ciki ta ce ba mai taɓa shi. Autarka Nana ta ci jarrabawa, tana makarantar kwana yanzu, kuma ta fara gyara mini Turancina in na yi magana, ka ji rashin kunya. Katangar zaure da ka yi ta cewa za ka gyara bayan kaka ta faɗi, mun tayar da ita. Ni ina nan a Dutse ina fama da alli, ina zuwa gida duk Juma'a kamar yadda ka sani. Yanzu bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa.

Saura labarin babban ɗanka Auwalu, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Akwai wani ruɗani da ya cika garinmu, har ya bi ni ɗakin malamai a makaranta. Mutane sun ɗauka tsare gari da hukunta mai laifi abu ɗaya ne. Mai son 'yan sintiri sai ya ce a bar su su daki ɓarawo, ai su suka hana idonsu barci. Mai ƙin dukan sai ya ce a rushe sintirin gaba ɗaya, kowa ya shiga ɗaki ya jira hukuma. Duk sun ɗaure dabba biyu a turke ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne, a nan gida kowane ɓangare da sunanka yake kafa hujja, kai kuma ba ka nan balle ka ce a'a, ba haka na yi ba.

Ka san abin da ya faru har zuwa inda aka ba ka iko ka sani. Ɓarayi sun zo kwance shanun huɗarka gab da asuba, ka fito, suka sare ka, suka tafi da shanun. Muka kai ka asibiti a Dutse, a can Allah ya karɓi abinsa. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan sanda sun zo rana ta take, su biyu a kan babur. Suka duba turken, suka yi 'yan tambayoyi, suka ce za a bincika. Na yi ta zarya ofishinsu har wanda yake zama a kanta ya gane tarina tun daga waje. Wata rana ɗayansu ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Ya ce Malam, mu 'yan kaɗan ne, ƙauyukan da yawa, motarmu ɗaya ce kuma ga ta can a kan duwatsu. Ban ƙi gaskiyarsa ba. Amma gaskiyarsa ba ta dawo da sa ko ɗaya ba, ba ta kuma nuna mini wanda ya sare ka ba. Har yau ba a kama kowa ba.

Bayan tafiyarka satar ba ta tsaya ba. Awaki, babura, injin ban ruwa. Akwai magidancin da ya koma kwana a tsakar gida, ya ɗaura igiyar sansa a ƙafarsa, wai in an ja san a ja da shi.

Ka tuna musun da muka sha yi? In dawo daga Dutse da bakina cike da doka, ina ce maka tsaro aikin hukuma ne, ba na manoma masu gora ba. Kai kuma ka yi dariya ka ce, Malam, dokar taka tana da babur? In ta iso ka tashe ni. To Yaya, ban taɓa ce maka ka yi gaskiya ba, saboda ƙani ba ya son a ga ya sauka. Yau na ce. Mutumin da aka bari shi kaɗai da iyalinsa da dabbobinsa yana da haƙƙin ya tashi ya tsare su. Wanda ya ce masa ya kwanta ya jira, ya zo ya kwana a tsakar gidan nan da igiya a ƙafa tukuna.

Amma sintirin da ka kafa daban, wanda ya tsiro bayanka daban. Naka na dattawa ne, da izinin dagaci, usur da tocila da gora. In kun kama mutum sai ka ba shi ruwa ya sha, ka zaunar da shi a zauren dagaci, ka zauna a bakin ƙofa ka ce wanda zai taɓa shi ya fara da kai. Da safe a miƙa shi ga hukuma. Na tuna wanda aka sake bayan 'yan kwanaki, ya wuce ka a kasuwa yana fito. Na ga jijiyar wuyanka ta tashi, amma ka haɗiye. Na yanzu kuwa na samari ne. Adda, bindigar toka, layu a damtse. Suna kiran kansu yaran Malam Garba. Auwalu ne a gaba, don ya gaji idonka wajen bin sawu, don kuma babu mai iya musu da yaron da aka kashe wa uba. Ba zan ɓoye maka ba, da farko na ji daɗi. Satar ta ragu. Mata suka fara barin akuya a waje.

Sai makon jiya aka kwance shanun huɗar Malam Iro, maƙwabcinka na kudu. Ka san abin da hakan yake nufi a irin wannan lokaci. Manomin da ruwan farko ya same shi babu shanu, shekararsa ta karye tun ba a fara ba. Da gari ya waye yaran suka ɗauki sawu, Auwalu yana gaba. Sawun ya bi ta bayan gonarka, ya miƙe, ya shiga rugar Arɗo Manu.

Arɗo Manu dai naka, wanda shanunsa suke kwana a gonarka duk rani suna zuba maka taki, kai kuma ka aika masa da damin gero. Wanda yake kiranka Kaɗona, wato Bahaushena, kai kuma kana tsokanarsa cewa Bafulatani zai mutu da yunwa a gaban tuwo yana cewa ya ƙoshi.

Ka tuna abin da Baba ya koya mana mu biyu. Ni ban taɓa yin idon sawu ba, har Baba yana cewa Sabi'u zai taka sawun giwa yana tambayar ina ta bi. Amma ƙa'idar na riƙe ta. In sawu ya shiga gari ko ruga, ba a shiga. A tsaya a baki, a yi sallama da mai wurin, a zagaya wurin tare da shi. In sawun ya fita ta wani gefe, wurin ya wanku, a ba shi haƙuri a ci gaba. In bai fita ba, sannan a zauna a yi magana. Dalili kuwa, ɓarawon da ya san aikinsa da gangan yake kora dabbar sata ta tsakiyar garken wani, don sawun ya nutse cikin dubun irinsa, laifin kuma ya kwana a ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.

Yaran ba su yi sallama ba. Ba su zagaya ba. Suka tarar da Buba, babban ɗan Arɗo, mai mata da 'ya'ya, ya gama tatsa ke nan. Suka taso shi a gaba har bakin kasuwa, suka ɗaure shi a jikin tsamiya.

Na sauko daga motar Dutse bayan an sauko daga Juma'a, jakata a hannu, sai na ji hayaniya. Da na kutsa na ga Buba, rigarsa ta rine, hannunsa na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Kuma bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya kusa kashe shi, Yaya. Ranar kasuwa ce, Fulani sun shigo, surukinsa yana tsaye a cikin taron an tare shi da gora. Kai ka san Bafulatani ba zai yi kuka a gaban surukinsa ba ko ana yanka shi. Ba zai yi ta rantse-rantse yana roƙo ba. Ya faɗa sau ɗaya cewa bai ɗauka ba, ya rufe bakinsa. Yaranmu kuwa suka karanta abin a juye. Suka ce kun gani, mai gaskiya da tuni ya cika kasuwa da ihu, wannan tsohon hannu ne, ya sha tauri. Suka tsinke layar da ke wuyansa suka ƙara masa. Yaran da suka tashi suna shan nonon rugar nan, amma ba su san kunyar masu ita ba.

Da yawansu ni na koyar da su kafin a mayar da ni Dutse. Wanda yake riƙe da gora mafi kauri, ni na kama hannunsa ya fara rubuta sunansa. Ban san abin da zan yi ba, sai na shiga kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowa, kamar yadda nake yi a aji. Taro ba shi da kunya, amma mutum ɗaya yana da ita. Duk wanda na kira sai hannunsa ya sauka. Da na zo kan Auwalu na tambaye shi ko sun zagaya rugar. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, Baffa, sawu ya shiga, me kuma za a zagaya?

A nan ne na ji haushinka, kuma tunda ba ka nan balle in ji nauyin idonka, bari in faɗa. Ka koya wa yaron nan rabin aiki. Ka nuna masa yadda ake gane sa mai nauyi da marar nauyi, da wanda aka kora da wanda ya tafi don kansa. Amma duk sanda aka zo bakin ruga sai ka ce wa yara su zauna a inuwa, kai ka tafi da mai wurin kuna tafe kuna hira. Girmamawa ce ka yi, na sani, ba ka so dattijo ya ga an zagaye gidansa da samari. Shi kuwa Auwalu duk shekarun nan ya ɗauka gaisawa kuke yi. Me ya hana ka kira shi sau ɗaya ka ce zo ka ga abin da muke dubawa? Ko ka ɗauka akwai sauran lokaci? Dukanmu haka muka ɗauka.

Liman ya iso, aka kwance Buba, Arɗo da surukin suka sa shi a mota zuwa asibiti. Na ce wa Auwalu ya zo mu je, ni da shi. Na ce in sawun bai fita ba, ni da bakina zan gaya wa hukuma a binciki rugar. Muka tafi cikin ranar nan mai ƙuna, abokansa biyu suna bin mu daga nesa. Muka fara daga inda sawun ya shiga, muka bi gefen rugar. Ni ban ga komai ba sai ƙasa da kashin shanu. Ta gabas, bayan wasu kargo, sai Auwalu ya tsaya. Ɗaya daga shanun Malam Iro yana da ɓalli a kofaton baya, shi ya bi tun safe. Ya tsuguna ya daɗe.

Ina so ka san wannan, Yaya, ko da shi kaɗai ne zai isa gare ka. Babu wanda zai iya karanta ƙasar nan a wurin sai shi. Da ya miƙe ya ce babu komai, da na yarda. Da ya ja takalminsa a kai, da ban lura ba. Ya san abin da faɗin gaskiya zai jawo masa. Ya ɗago, idonsa ya kaɗa, ya ce, Baffa, sun fita.

Muka bi sawun, shanu biyu da mutum biyu masu takalmin roba, har bakin kwalta. A gefen wani tudu muka ga sawun tayar a-kori-kura, inda aka loda su. Auwalu ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Babu darasin da zan ƙara a kan wanda ƙasa ta riga ta ba shi.

Buba yana asibiti a Dutse har yanzu. Hannun ya karye wuri biyu, likitoci ba su ba da tabbacin zai koma riƙe sanda ba, kunnensa ɗaya kuma ba ya ji. In an tashi daga makaranta ina biyawa. Yana gaishe ni yana tambayar gajiya kamar ni ne a kwance.

Na je wurin Arɗo. Na tarar mata sun fara kwance bukkoki. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono, bai ɗaga murya ba. Ya ce Kaɗona ya tafi, gonarsa ma ta daina gane ni. Ya ce samarin wasu rugage suna ta zuwa suna tambayarsa sunaye, yana riƙe da su da harshe, harshen kuma ya tsufa. Na tambaye shi abin da yake so. Ya ce ba ya son saniyar kowa. Yana so wanda ya ɗaure ɗansa a gaban kasuwa ya tsaya a gaban hukuma ya faɗa da bakinsa cewa Buba ba ɓarawo ba ne, kuma shi ne ya yi masa wannan. In an yi haka zai iya ce wa samarin su koma, magana tana hannun hukuma. In ba a yi ba, zai tashi kafin ruwa ya sauka, abin da ya biyo bayansa kuma ba da yawunsa ba.

Wannan karon 'yan sanda sun zo da wuri. Kafin su iso an taru a ƙofar dagaci an ƙulla magana: gari ne ya yi. Kowa ya ce yana masallaci, ko yana gona, ko ya zo ya tarar an watse. Malam Iro ya miƙe ya ce shanunsa sun tafi babu wanda ya leƙo, an kashe Malam Garba an zo a kan babur, amma hannun Bafulatani ya karye mota ta tashi daga kan duwatsu. Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta. Wasu suka ce in aka ba da suna ko ɗaya sintiri ya mutu, ɓarayi kuma su dawo su kwashe har tukwane. Da aka zo kaina na ce ni na gani, kuma in an tambaye ni zan faɗa. Tun daga ranar, gaisuwar da ake yi mini a gari ta gajarce.

Wadda ta fi mini nauyi ita ce Yaya Hajara. Ta kira ni ta bayan labule ta ce ta ba ɓarayi miji, yanzu kuma ƙanin mijin yana so ta ba 'yan sanda ɗa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce mata ba yankewa zan yi ba, wurin magani zan kai shi. Amma na san wannan maganar malamai ce, ba ta shiga kunnen uwa. Ta ce da kana raye da ban isa ba. Wataƙila ta yi gaskiya. Da kana raye ai da ba a zo nan ba.

Na juya abin ta kowane gefe. Na tambayi kaina, da a ce sawun bai fita ba fa? Da a ce Buba ne ya kwance shanun, da dukan ya halatta? Zuciyata ta so ta ce e, don ina tuna yadda na gan ka a kan gadon asibiti. Amma gorar da ta karya hannun Buba ba ta san ko shi ne ko ba shi ba ne. Yaran da suka ɗaga ta sun tabbata a ransu, kamar yadda za su tabbata gobe a kan wani. Alƙali da ya ƙare rayuwarsa a kan littattafai ba ya yanke hukunci sai ya ji shaidu, sai ya ji ta bakin wanda ake tuhuma, kuma malamanmu sun koya mana cewa gara a yi kuskuren saki da a yi kuskuren hukunci. To mu su wa, da za mu zama masu kama, mu zama shaidu, mu zama alƙalai, duk kafin rana ta karkata? Gazawar 'yan sanda ta ba mu dalilin hana ido barci. Ba ta ba mu kujerar alƙali ba.

Sannan akwai yaran su kansu, su ne aikina. Saurayin da ya daki mutum a ɗaure, gari ya rufa masa asiri ya ce ba a gani ba, me muka koya masa? Wa zai hana shi gobe in ya sami saɓani da wani a kan iyakar gona, ko a kan budurwa? In muka yi shiru yau don mu ceci sintiri, abin da za mu ceta ba sintirinka ba ne. Wasu masu adda ne da gari yake jin tsoro, sai dai su mun san iyayensu.

Don haka ga abin da na ƙudura, kuma ba zan janye ba. Sintiri ba zai mutu ba. Na gaya wa dagaci a sa sunana a ciki duk daren da nake gida, ni da na yi shekaru ina yi maka musu. Amma adda da bindiga za su zauna a ɗaki. Wanda aka kama zai koma zaman zauren dagaci, ni zan zauna a bakin ƙofar. Za mu roƙi Arɗo ya ba mu samarinsa biyu ko uku su shiga, don ɓarawon da ya kora shanu ta garkensu ya cuce su kamar yadda ya cuce mu. Ofishin 'yan sanda kuma ba zan daina zuwa ba. Zan ɗauki dattawa mu je wurin hakimi, mu je ƙaramar hukuma, mu koma, mu sake komawa, har su gaji da ganin hulunanmu. Haƙƙinmu ne a tsare mu, ba za mu yafe shi ba don mun sayi tocila.

In an yi hutun makaranta zan tara yaran a fili. Za mu kora sa ɗaya ta tsakiyar garke, in ce wa kowannensu ya gwada da kansa, ya nemo inda ya fita. Ba zan gaya musu amsa ba, ai ni ma ban iya ganin ta ba. Ina so kowane ɗaya ya ji a jikinsa yadda mutum yake rantsuwa ya tabbata, sannan ya taka 'yan taku kaɗan ya ga bai san komai ba.

Jiya bayan la'asar Auwalu ya same ni a zaure. Tun ranar da muka bi sawun bai yi mini magana ba. Ya zauna nesa, yana wasa da bakin tabarma. Ya tambaye ni ko za su tsare shi. Na ce mai yiwuwa ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma zan tsaya masa, zan nemo lauya, zan kuma faɗa a gaban kowa cewa shi ne ya nuna sawun da ya wanke Buba alhali yana iya binne shi. Ya ce abokansa fa? Na ce ya faɗi nasa, su ma kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Sannan ya ce to in an tsare shi wa zai nome gonar bana. Na ce ni. Ya dubi hannuwana, sai ga shi yana dariya, karo na farko tun rasuwarka da na ji ta fito daga cikinsa. Ya ce Baffa, hannun alli ne fa, kunya uku za ka yi a kai ka wurin mai ɗori. Da dariyar ta wuce ya ce yana so mu fara biyawa ta wurin Arɗo kafin ofis, kada tsohon ya ji a bakin wani.

Gobe da safe za mu tafi. Uwarsa ba ta yafe mini ba, ban kuma san ranar da za ta yafe ba. Mutanen gari za su ce na kai ɗan ɗan'uwana da hannuna, kuma haka ne, da hannuna zan kai shi, ba zan bari a zo a ja shi ba. Ina jin tsoro, Yaya. Ban san abin da za a yanke masa ba. Amma na gwammace in riƙa kai masa abinci a inda aka tsare shi yana mutum, da in riƙa gaisawa da shi a ƙofar gida yana abin da gari yake tsoro.

Ban sani ba ko da za ka yarda da duk abin da na faɗa. Ina dai jin da ka gama yi mini faɗa, da ka ɗauki hularka ka riga mu isa bakin titi.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sada ka da Baba cikin aminci. Ɗanka ya faɗi gaskiya a inda babu mai kama shi in ya yi ƙarya. Sauran hanyar ni zan raka shi.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka da ka bar wa gida,
Sabi'u